Kiwon maruƙa: abinci da lafiya daga haihuwa zuwa yaye

Maraƙar da aka haifa bana ita ce saniyar tatsa nan da shekara ukku ko huɗu. A jahohinmu na Tawa, Maraɗi da Damagaram, shanun Azawak sun yi suna wajen nono. Saboda su ake da tashar kiwo ta Tukunus a yankin Filinge. Amma iri kaɗai ba ya cika ƙwarya. Maraƙar da ta taso da yunwa takan makara wajen ɗaukar ciki, nononta ma ba ya yawa.

Ranar haihuwa

Dakashi, wato nonon farko mai kauri, shi ne rigakafin maraƙi, domin ana haihuwarsa ba shi da garkuwar jiki. Ya sha shi cikin awa shidda na farko, kamar lita 2 ga maraƙi mai kilo 20. Bayan kwana guda hanjinsa ba ya iya ɗaukar garkuwar. Kada mu zubar da dakashi. Mu shafa aidin a cibiya, mu kwantar da shi wuri busasshe mai inuwa.

Rabon nono

Nan ne gardama take, tsakanin ƙwaryar uwargida da cikin maraƙi. A wata biyu na farko yana bukatar nono kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa kowace rana. In za mu tatsa, mu bar masa aƙalla kan nono guda, kada mu tatse ƙarƙaf. Daga sati na biyu mu fara ba shi ƴar dusa da harawa mai laushi, da ruwa masu tsabta. Su ne ke buɗe tumbinsa. Angurya da karan da aka jiƙa da ire ba abincin ƙaramin maraƙi ba ne, suna iya kashe shi. Yaye kuwa sai ya saba da cin abinci sosai, a janye nonon kaɗan-kaɗan.

Da bazara, in ciyawa ta ƙare, harawar wake, ƙowa, ƴaƴan gawo da ɗan gishiri suna riƙe karsana. Mu kuma tsince leda a garke, domin tana toshe tumbi.

Cututtuka

Zawo ne ya fi kashe ƙananan maruƙa. In ido ya zurma, kunne ya yi sanyi, ruwan jiki ne ke ƙarewa. A ba shi ruwan gishirin zawo na dabbobi, kada a hana shi nono, a ware shi daga dangwali, a kira likitan dabbobi. Tari da majina da haki ma ba abin jira ba ne. Maganin tsutsar ciki da na kaska, farkon damana da ƙarshenta, gwargwadon nauyin dabba.

Allurar ciwon huhu da ma'aikatar kiwo ke yi kowace shekara, mu kai garke duka, ma'aikaci ya zaɓi waɗanda suka isa. Mu tambaye shi ta harbin daji kafin ruwa su sauka. Mu guji maganin da ya sha rana a kasuwa.

Ƴan uwa da ke ƙetare, in kun aiko kuɗin saye maraƙa, ku haɗa da na dusa da allura.