GIDAN KAKA BA KANGO BA NE

Abin da ya sa na ɗauki biro yau, wata magana ce da ta taso a zuri'armu. Bayan rasuwar kakata Hajiya Babba, Allah ya jiƙanta, sai magada suka ce a rushe gidanta na cikin birnin Kano a yi shaguna, wai gidan ƙasa ya tsufa. Wallahi ranar ban runtsa ba.

Gidan nan fa ba shi kaɗai yake tsaye ba. Jere suke a lungu, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa, katanga ɗaya ce ta raba mu da maƙwabta. Ta kan katangar nan Hajiya take miƙa tuwo ta karɓi daddawa. In aka rushe namu, bangon maƙwabta ma sai ya ji a jikinsa.

Kuma irin wannan gini ba jiya aka fara shi ba. Ku je Gidan Makama ku gani. An gina shi ne tun Muhammadu Rumfa yana Makama, kafin ya hau sarautar Kano a 1463. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi ofis a cikinsa, yanzu kuma gidan tarihi ne. Da ƙasa aka yi shi, ga shi nan har yau, don ba a daina kula da shi ba.

Hannun da ya yi wancan, irinsa ne ya yi na kakata. Magina su dunƙula tubali ya bushe a rana, su yi rufi da azarar giginya wadda gara ba ta ci, su shafe bango da makubar ɗorawa don ruwa, su sa indararo. Kaurin bangon ne ya sa ɗaki yake da sanyi a bazara, da ɗumi lokacin hunturu.

To, ku duba tsarinsa. Baƙo namiji a zaure yake tsayawa. Ƙofar zaure ba ta kallon ta shigifa, ballantana mai wucewa ya hango tsakar gida. Nan mace za ta yi daka, ta yi kitso, ta yi sana'arta hankali kwance. Ashe mu mata aka fi tunawa da aka zana shi.

Ban ce a ƙi siminti ba, kuma na san wahalar yaɓe duk shekara kafin damina. Amma gyara daban, rushewa daban. Na roƙi Kawu, ya ce a dakata sai bayan Sallah a sake zama. Kafin nan ni da ƙannena mun fara adashi na kuɗin yaɓe.

'Yar'uwa, in kuna da irinsa, ki je ki zauna da tsofaffi ki tambayi wanda ya gina shi tun suna raye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu dace, amin.