Shari'ar 1774 da ta sa wa haƙƙin mallaka wa'adi

Ranar 22 ga Fabrairu 1774, Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta yanke hukunci tsakanin wasu 'yan kasuwar littafi biyu, Alexander Donaldson na Edinbara da Thomas Becket na Landan. Abin da ya haɗa su littafin waƙoƙi ne mai suna The Seasons, wanda marubucinsa James Thomson ya rasu tun 1748. Tambayar da ke gaban majalisar ita ce: mallakar littafi ta har abada ce kamar gonar gado, ko tana da ranar ƙarewa?

Rigimar ta samo asali ne tun 1557, lokacin da Sarauniya Mary ta ba ƙungiyar masu ɗab'i da dillalan littattafai ta Landan ikon kula da duk abin da ake bugawa a Ingila. Fada ta samu masu sa ido kan rubutun da ba ta so, su kuma suka samu kasuwa ba kishiya. Ɗan ƙungiya ya rubuta sunan littafi a rajistarsu, shi ke nan ya zama nasa da magadansa. Marubuci kuwa, da ya karɓi 'yan kuɗinsa ya miƙa rubutu, ba shi da sauran ta cewa.

A 1695 majalisa ta ƙi sabunta dokar da ke riƙe da wannan tsari. Dillalan suka yi ta kai kuka, har aka kafa Dokar Sarauniya Anne a 1710. Sai dai ba ta zo musu yadda suka so ba. Ta ɗora haƙƙin a hannun marubuci, ta ba shi shekara 14 da babu mai buga littafinsa sai da izininsa, da ƙarin wasu 14 idan wa'adin farko ya same shi da rai. Littattafan da ke kasuwa tun kafin dokar aka ba su shekara 21.

Da wa'adin tsofaffin littattafai ya cika a 1731, maɗaba'un Sukotilan suka fara buga su da araha. Dillalan Landan suka garzaya kotu da hujjar cewa marubuci yana da haƙƙi na asali wanda ba ya mutuwa, kuma su ne suka saye shi. A 1769 suka yi nasara a shari'ar Millar da Taylor, a kan wannan littafi na Thomson. Becket da abokansa, waɗanda suka sayi haƙƙin littafin bayan rasuwar Millar, dillalin da ke riƙe da shi a da, suka sa kotu ta hana Donaldson sayar da nasa bugun. Donaldson ya ɗaukaka ƙara, dattawa suka ba shi gaskiya: idan wa'adin doka ya cika, littafi ya zama na kowa. A Edinbara har wuta aka hura a tituna don murna.

Sauran aiki shi ne ƙetare iyaka, domin dokar Ingila ba ta aiki a Amurka. Charles Dickens ya koka da haka a ziyararsa ta 1842, ganin ana buga littattafansa can ba a ba shi ko sisi. Ƙungiyar marubuta da Victor Hugo ya jagoranta a Faris a 1878 ce ta share fagen Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ta wajabta wa kowace ƙasar da ta shiga cikinta ta kare baƙon marubuci kamar ɗan gida. A 1928 aka ƙara haƙƙin a ambaci sunan mai aiki, kuma kada a jirkita aikinsa ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci.

Najeriya ta gaji dokar Birtaniya ta 1911 a zamanin mulkin mallaka, ta yi tata a 1970, ta sake wata a 1988, ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993. Wadda ake aiki da ita yanzu Shugaba Muhammadu Buhari ne ya sa mata hannu a Maris 2023. A ƙarƙashinta, mai aiki ne kaɗai ke da ikon kwafa, bugawa, fassarawa, mai da littafi fim, watsawa a rediyo da talabijin, ko ɗorawa a intanet. Yana iya sayar da waɗannan ko ya ba da izini, amma haƙƙin a ambaci sunansa ba ya sayuwa muddin yana raye.

Marubutan Kano da 'yan Kannywood da satar fasaha ta daɗe tana ci wa tuwo a ƙwarya, su sani cewa kariyar tana farawa ne da zarar an rubuta ko an naɗi aiki, ko da ba a yi rajista ba. Littafi da waƙa suna da kariya tsawon rayuwar mai su da shekara 70 bayan rasuwarsa, fim da faifai kuwa shekara 50 daga fitowarsu.