Sayen man kanumfari ko na na'ana'a ta intanet

Kafin ka tura kuɗi ga mai tallar irin wannan mai a Facebook ko WhatsApp, ka nemi hoton kwalbar gaba da baya. Duba lambar NAFDAC, adireshin kamfani da ranar ƙarewar aiki. Wanda ya ɗura mai a roba marar rubutu, ko ya ƙi faɗin inda shagonsa yake a Sakkwato, rabu da shi. Haka ma mai cewa mansa na warkar da ciwon suga. Kada ka bar maganin likita dominsa.

Ko na gasken ma yana da ƙarfi. Man kanumfari kan iya lalata hantar yaro idan ya sha. In hakan ta faru, kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibitin UDUTH tare da kwalbar.