Rayuwar ɗalibai a Jami'ar Jihar Gombe da unguwannin da ke kewaye da ita

Jami'ar Jihar Gombe tana unguwar Tudun Wada a cikin birnin Gombe. An kafa ta a shekarar 2004, zamanin Gwamna Muhammad Ɗanjuma Goje, shekara takwas bayan an fitar da jihar daga tsohuwar Jihar Bauchi. Shugabanta na farko shi ne marigayi Farfesa Abdullahi Mahadi, masanin tarihi da ya taɓa shugabantar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ana tunawa da shi saboda itatuwan da ya sa aka dasa a harabar, waɗanda ɗalibai ke karatu a inuwarsu lokacin bazara.

Kasancewar jami'ar a tsakiyar jama'a ya sa rayuwar ɗalibanta ta haɗu da ta mutanen gari. Abin da ya sami unguwa na tsadar haya, ƙarancin ruwa ko ambaliya, yakan isa har ɗakin karatu.

Masauki

Ɗakunan kwanan jami'ar ba sa ɗaukar dukkan ɗalibai. Da yawa sukan kama haya a Tudun Wada, Malam Inna, Arawa da Kagarawal, wasu kuma har Nasarawo, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Gombe. Bisa al'ada ana biyan kuɗin shekara gaba ɗaya, don haka ɗalibai biyu ko uku kan haɗa kuɗi su kama ɗaki guda. 'Yan asalin gari kuwa daga gidajen iyayensu suke zuwa.

Wannan zama ya buɗe wa unguwannin hanyoyin samu. Masu gidajen haya, masu abinci, masu shayi, masu buga takardu da masu cajin waya duk sun san ranar da aka buɗe makaranta da ranar da aka rufe ta.

Ruwa, hanya da zaizayar ƙasa

Birnin na samun ruwan famfo daga madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola. Inda famfo bai kai ba, ɗalibai kan saya a hannun 'yan garuwa. Zirga-zirga kuma ta dogara ga Keke Napep da acaɓa, waɗanda kuɗinsu ya tashi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Zaizayar ƙasa tsohuwar matsala ce a Gombe. Kwarin da ya ratsa ta gefen jami'ar zuwa Malam Inna da Kagarawal ya daɗe yana barazana ga gidaje, kafin a yi aikin shawo kansa a ƙarƙashin shirin NEWMAP mai samun tallafin Bankin Duniya.

Kuɗin karatu da yajin aiki

Tun watan Mayun 2024 ɗaliban manyan makarantun gwamnati ke neman rancen karatu daga asusun NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta tare da ba da naira 20,000 a wata. Yajin aikin malamai kuwa asara biyu yake jawo wa mai haya: karatu ya tsaya, kuɗin ɗaki na ƙarewa. Na ƙungiyar ASUU a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Sauran makarantun yankin

Ɗaliban likitanci na jami'ar suna koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. A cikin birnin akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai horas da malaman fasaha. A Ƙaramar Hukumar Akko akwai Jami'ar Tarayya ta Kashere, wadda aka kafa a 2011, sai Kwalejin Tarayya ta Noman Lambu a Dadin Kowa.

A waɗannan makarantu Fulani, Hausawa, Tangale, Tera, Waja, Bolawa da Tula suke zama aji ɗaya. Turanci ne harshen koyarwa, amma da Hausa ake ciniki da hira a waje.