Cutar mantuwa: Yadda ake kula da tsofaffi a lokacin rikici

Cutar mantuwa, wadda Hausawa kan kira gigin tsufa, larura ce ta ƙwaƙwalwa da ke raunana tunani da magana da gane mutane da wurare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki. Nau'in Alzheimer ne ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na cutar.

Mai wannan larura yana dogara ne da abin da ya saba: ɗakinsa, hanyar masallaci ko coci, da fuskokin iyalinsa. Rikici kuwa waɗannan yake fara rushewa.

Kudancin Kaduna ya sha ganin haka. Tarzomar bayan zaɓen Afrilun 2011 ta raba dubban mutane da gidajensu a Kafanchan da Zonkwa. A Disambar 2016 kuma gwamnatin jihar ta kafa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a ƙananan hukumomin Jema'a da Kaura da Zangon Kataf. A irin wannan hali, tsohon da bai san an kafa doka ba yana iya fita neman gonarsa, ya kasa faɗin sunansa a shingen jami'an tsaro. Wani lokacin ma a zarge shi da maita.

Saboda haka shiri tun kafin tashin hankali ya fi muhimmanci. A ɗinka wa tsohon ƙyalle a riga mai ɗauke da sunansa, garinsu da lambar wayar ɗan'uwa, a kuma ajiye hotonsa na kwanan nan a waya. A haɗa magungunansa, musamman na hawan jini da ciwon suga, da katin asibiti a jaka guda. A ware mutum ɗaya da ya saba da shi wanda ba zai rabu da shi ba yayin gudu.

A sansani, a nema masa wuri mai ƙarancin hayaniya kusa da banɗaki. Kada a ɗaure shi, kada a yi gardama da shi idan ya ce zai koma gida. A lallashe shi a hankali. Cutar kan mayar da mutum ga harshensa na farko, don haka wanda ya shekara hamsin yana Hausa yana iya komawa Tyap ko Jju ko Fulatanci. A samo masa mai jin harshen.

Idan ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya, sau da yawa zazzaɓi ne ko ƙishirwa ko ciwon mafitsara, kuma ana magance su. A gaggauta kai shi asibiti mafi kusa. Domin bincike mai zurfi akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, Kaduna.

Iyalai su sanar da jami'an NEMA da SEMA halin da tsohonsu yake ciki tun a lokacin rajista.