Daga Tandun Kwalli Zuwa Rubutun Jikin Kwalba

A zamanin da ganuwar birnin Zariya take ganuwa, ana rufe Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana idan almuru ta yi, babu matar da za ta nemi a rubuta mata abin da ke cikin man da take shafawa, domin galibi a gaban idonta aka yi shi, in kuwa ba a gabanta ba ne, to ta san wadda ta yi, ta san gidansu, ta san asalinta. Man kaɗanya sai an dafa ƙwarar, an shanya, an daka, an niƙa, a yi ta bugu da ruwa har mai ya taso. Sabulun salo daga ruwan toka da mai yake fitowa. Lalle kuwa ganye ne da ake dakawa a kwaɓa, a ƙunsa wa amarya a ƙafa, a zura hannunta cikin zunguru, kamar yadda Baba ta Karo ta ba da labarin bukukuwan ƙasar Zazzau a littafin da Mary Smith ta fitar a 1954.

Abin da yake zuwa daga nesa, wato kwalli da miski da jibda da itacen turare, shi ne ke hannun fatake da 'yan koli, kuma a nan ne shari'a take shigowa. Duk almajirin da ya zauna a zaurukan Unguwar Juma ko Kona ya karanta babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa mazhabar Malikiyya ta haramta algus, da ɓoye aibin haja, da cakuɗa mummuna da kyakkyawa, ya kuma san cewa mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan aibi ya bayyana. Malaman jihadi sun yi bayanin aikin muhtasibi, mai duba mudu da ma'auni, Sarkin Kasuwa kuma yana nan da idonsa. Amma a haƙiƙa abin da ya fi tsare ɗan koli kunya ce, saboda matan kulle yara suke aikawa, kuma wanda ya cuci yarinyar wani gida yau, kafin azahar labarinsa ya zaga unguwa.

Kada dai mai karatu ya zaci wannan nizami ba shi da naƙasu. Amana tana hana mutum ƙarya, amma ba ta sanar da shi abin da ya jahilta. Kwallin da ake niƙawa a zuba a tandu, a rambaɗa wa jariri tun ranar suna da niyyar bin sunna, mafi yawansa dutsen dalma ne, kuma mai sayarwa da mai saye duk ba su sani ba. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da dalma ta yi yawa a jininsa, da aka bincika sai aka tarar kwallin da aka kai masa daga Nijeriya fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce.

Jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911, Sabon Gari ya kafu a bayan ganuwa, kantunan John Holt da ire-irensu suka kawo hoda da man gwangwani da sabulun Turawa. Turaren Bintu Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na Landan ya fara yi a 1920, ya shiga lefe ya zauna. Daga nan ne mace ta fara shafa abin da ba ta san mai yinsa ba, kuma da yake karatun boko bai yaɗu ba, ko bayan an kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945 aka kuma shiga Yaƙi da Jahilci, sai hoto ya zama shaida: a ce wa yaro ya sayo mai zanen kaza, kada ya karɓi wani. Masu jabu kuwa ba su sha wahalar kwaikwayon hoto ba.

Sai a 1993 aka kafa NAFDAC, wadda ta wajabta a rubuta sunan kaya, da abubuwan da aka haɗa, da adireshin mai yi, da ranar lalacewa, da lambar rajista, ta kuma hana sabulu da man bilicin masu zaiba. Wannan hisba ce a sabuwar riga, kuma babu mai hankalin da zai raina ta. Illa dai rubutun da Turanci ne, sunayen tsirrai kuma da Latin, da haruffa ƙanana waɗanda ko malamin jami'a a Samaru sai ya sa tabarau.

Mas'alar wiwi ta isa misali. Tun dokar soja ta 1966 noman wannan tsiro da sayar da shi babban laifi ne a Nijeriya, kuma tun 1989 hukumar NDLEA ke farautar masu yi. A Amurka kuwa dokar noma ta 2018 ta halatta nau'in da sinadarin mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, ana matse mai daga irinsa a zuba a man gashi da na jiki, a rubuta Cannabis sativa a bayan kwalba. Irin waɗannan kaya suna shigowa kasuwanninmu, tare da man kitso masu ɗauke da hoton ganyen, alhali rubutun bai fayyace ko man iri ne aka sa, ko ganye, ko kuwa suna ne kawai don jawo ciniki. Hukuncinsu a wurin likita da alƙali da malami ya rataya ne a kan wannan bambanci.

Mafi tsanani daga wannan shi ne abin da ake kira haɗi, inda mai shago ko mai gyaran jiki za ta juye mayuka uku ko huɗu a roba guda, ta ƙara abin da ita kaɗai ta sani, ta ɗura a ƙananan kwalabe marasa suna. Baƙin lalle ma haka yake, domin sau da yawa rinin gashi ake zuba masa don ya kama da wuri, shi ne kuma yake sa hannun wasu amare ya yi ƙuraje ya kumbura ana gobe ɗaurin aure. Mai wannan haɗi ba ta ƙarƙashin kunyar unguwa, tunda masu sayenta a waya take samunsu, kuma ba ta ƙarƙashin rajista, tunda kwalbarta ba ta taɓa zuwa gaban hukuma ba.