Gadar dutse ta birnin Bordo

Yau hirarmu ta tarihi za ta kai mu Faransa, wani birni da ake kira Bordo. Na je can ƙaro ilimi, kuma na taka wata tsohuwar gada da ƙafata. Sunanta Gadar Dutse.

Bordo tana bakin kogin Garon. Ruwansa ja ne kamar na kogin Kwara da damina. Kogin nan yana da wuyar sha'ani. Teku ba ta da nisa ƙwarai, sau biyu kowace rana takan turo ruwa baya, kogi ya cika, can kuma ya janye. Ƙasansa kuwa laka ce mai zurfi. Shi ya sa birnin ya yi shekaru ɗaruruwa ba gada, kowa sai da jirgin fito. Dattawan Yamai sun san irin wannan jira, don haka suka yi ta fama kafin a buɗe gadar Kennedy a 1970.

A 1808 sarki Napoleon ya bi ta Bordo, sojojinsa za su yaƙi ƙasar Ispaniya. Ƙetarar da su cikin jirage ya ci lokaci. Sai ya ba da umurni a yi gada, aka fara aiki a 1810.

To, yaya ake aza dutse bisa laka? Nan ne hikimar take. Magina suka kakkafa dogayen turakun icce cikin lakar, ɗaruruwa, har suka kama. Bisa turakun aka ɗora ginin. Babban injiniya, Claude Deschamps, ya ga nauyi shi ne abin tsoro. Saboda haka ya haɗa dutse da gasasshen tubali, wanda ya fi sauƙi, kuma ya bar cikin gadar da rami kamar dogon zaure. Ni da nake tafiya a bisa ban san da ramin ba, sai da aka faɗa mini.

Aiki bai ƙare ba sarautar Napoleon ta faɗi, kuɗi kuma suka yanke. Attajiran birni suka haɗa kuɗi aka ci gaba, amma da sharaɗi: duk mai ƙetara zai biya. An buɗe gada a 1822. Talaka ya huta da jiran jirgi, bai huta da kuɗin fito ba, har 1863 da aka soke biyan. A ganina shekara 41 ta yi yawa.

Shekaru suka yi ta wucewa, gadar tana nitsewa kaɗan kaɗan. A 2018 hukumar birni ta hana ƙananan motocin jama'a bi ta kanta.

Tsawonta mita 487 ne. Tana da ƙofofin ruwa 17, masu lanƙwasa kamar bakan gizon soro. Mutanen gari suna cewa an yi su 17 ne don su yi daidai da baƙaƙen sunan sarkin. Wannan zancen gari ne, ban riƙe shi tarihi ba, don lokacin da aka gama ginin Napoleon ya riga ya mutu tun 1821. Amma ga aikin gida. Ku ɗauki allo, ku rubuta NAPOLEON BONAPARTE, ku ƙidaya baƙaƙen ɗaya ɗaya, ku kawo wa malaminku amsa ran aji mai zuwa.